Muryar Karkara a Akwatin Rediyo

(Jawabin da aka gabatar wa ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma a taronsu na hutu a Tamawa)



Muna godiya ga Allah da ya tara mu a nan Tamawa lafiya, muna kuma godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa gabanku. Batun da za mu tattauna a kansa shi ne akwatin rediyo, musamman tashoshin matsakaicin zango, watau AM, da yadda muryar mutanen karkara take ta raguwa a cikinsu. Wataƙila wani ya ce wannan ƙaramar magana ce a lokacin da ake fama da tsadar abinci da rashin tsaro. Muna fata kafin mu zauna za a ga cewa maganar tana da dangantaka da abincin da kuma tsaron.

Bari mu fara da waiwaye. A 1944 aka kafa rediyo mai waya a birnin Kano, wanda ake jan waya daga ofis zuwa akwatunan da aka rataya a gidaje da dandali. Wannan na mutanen birni ne kaɗai. Ranar 13 ga Maris 1957 sashen Hausa na BBC ya fara aiki, kuma muryar da aka fara ji ta ɗan Lardin Katsina ce, Malam Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta buɗe gidan rediyo da talbijin na Kaduna. Zuwan ƙaramin akwati mai batir a waɗannan shekaru shi ya fid da rediyo daga birni ya kai shi gona da ruga da rumfar kasuwa. A gyaran da aka yi a 1978 Gwamnatin Tarayya ta karɓi Rediyon Kaduna, aka bar wa jihohi tashoshin matsakaicin zango. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, ita ma ta sami gidan rediyonta.

Iyayenmu da ke zaune a nan sun fi mu sanin abin da ake ji a wancan zamani. Sun san Jakar Magori da Zaɓi Sonka. Sun san Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da Zaman Duniya Iyawa Ne na marigayi Yusuf Ladan, Ɗan Iyan Zazzau. Ta rediyo ne muryar Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, da ta Barmani Choge ta Funtua suka shiga ƙasashen da ƙafarsu ba ta taka ba. Sa'ad da aka sauya hannun tuƙi a 1972, da sa'ad da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973, rediyo ne ya yi ta maimaita bayani har tsohuwa mai sayar da daddawa ta gane lissafin. Haka kuma aka yi da shirin ciyar da ƙasa da shirin ilmin firamare kyauta a 1976. Malaman gona na Samaru sun daɗe suna amfani da rediyo wajen gaya wa manomi lokacin shuka, da yadda ake sa taki, da maganin ƙwari.

Abin lura a nan shi ne, ma'aikacin rediyo na wancan lokaci yakan ɗauki rikoda ya shiga ƙauye. Yakan zauna da sarkin noma, da ungozoma, da maƙeri, da makaɗin gargajiya, ya ɗauko maganarsu da bakinsu. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba yakan ji an ambaci sunan garinsu, ko a karanta katin gaisuwarsa, sai ya san cewa ana lissafi da shi a ƙasar nan.

To, me ya sa matsakaicin zango ya dace da karkara? Dalilin yana cikin yadda sautin yake tafiya. Sautin AM bin ƙasa yake yi, yana ratsa tudu da kwari, da dare kuma yakan haura sama ya dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa makiyayi a dajin Rugu zai kama tashar da ke wata jiha bayan sallar isha'i. Sautin FM kuwa ya fi tsabta, amma tafiyarsa kamar ta hasken fitila ce: inda dutse ya tare, ko ƙasa ta lanƙwasa, nan ya tsaya. Saboda haka tashar FM takan zama ta birni da kewayensa, tashar AM kuwa ta lardi ce baki ɗaya.

Yanzu sai mu dubi abubuwan da suka jawo koma-baya. Mun ga guda huɗu.

Na farko shi ne tsadar aiki. Na'urar watsa shirye-shirye ta matsakaicin zango tana shan wutar lantarki ƙwarai, tana bukatar fili mai faɗi da dogon turke da ƙwararrun injiniyoyi. A ƙasar da wuta ba ta tsayawa, janareta ke ɗaukar nauyin, ga shi kuwa farashin man dizal ya yi tashin gwauron zabo a 2022. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, abin da shugaban gidan rediyo yakan fara yi shi ne rage awoyin AM, sa'an nan ya soke fita ƙauye, domin fita tana cin mai da alawus.

Na biyu shi ne kasuwanci. Doka ta 38 ta 1992 ta kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talbijin, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. RayPower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta fara a Kano a 2003, Gwamnatin Tarayya ma ta kafa tashoshin FM a jihohi, irin su Companion FM ta Katsina. Ba mu musun alherin wannan, gama talaka ya sami bakin magana fiye da dā. Amma mai talla yana neman mai kuɗin saye ne, mai kuɗin saye kuwa yana birni. Daɗin daɗawa, an shiga sayar da fili: ɗan siyasa ya saya, mai maganin gargajiya ya saya, sojojin baka su cika sauran. Manomin Wurma ko Birchi ba shi da abin sayen minti goma sha biyar, saboda haka sai a yi magana a kansa, shi kuwa ba a ji daga gare shi ba. Su kansu gidajen ba su tsira daga talauci ba: a Agusta 2022 hukumar ta ba da sanarwar soke lasisin gidaje 52 saboda bashi, ciki har da na gwamnatocin jihohi da dama, kafin kotu ta dakatar da matakin.

Na uku shi ne sauƙin karɓo shiri daga nesa. Ya fi arha a jona tasha da Abuja ko London, ko a saki waƙoƙin fim awa biyu, bisa a aika wakili Karofi ya binciko dalilin da ya sa tumatir ya lalace. Shirye-shiryen waje suna da amfani, amma ba a hannunmu suke ba. Mun gani a Maris 2025, sa'ad da sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ya fara tun 1979, ya yi shiru saboda umurnin da aka sa wa hannu a Washington. Ba a shawarci ko mutum ɗaya daga masu saurarensa na ƙasar Hausa ba.

Na huɗu yana cikin aljihunmu. Wayoyin hannu masu rediyo FM kaɗai suke kamawa, domin AM yana bukatar eriya ta musamman da ba ta shiga siririyar waya. Bugu da ƙari, caja da fitilun zamani da injin sauya wutar batir suna cika matsakaicin zango da ƙara. Mu matasa mun bar akwatin, mun bar wa tsofaffi, alhali kuwa mu ne za mu riƙe ofisoshin da ke tsara kasafin kuɗinsa.

Wannan ciwo bai tsaya a kanmu ba. A Amurka, dokar sadarwa ta 1996 ta ba manyan kamfanoni damar saye ƙananan tashoshi, har kamfanin Clear Channel ya mallaki fiye da 1,200. Aka sallami ma'aikatan gari, aka koma turo shiri ɗaya daga nesa zuwa garuruwa da yawa. A Janairu 2002 jirgin ƙasa ɗauke da iska mai guba ya kife da tsakar dare kusa da garin Minot, a jihar Dakota ta Arewa. Tashoshin kasuwanci shida na garin duk na wannan kamfani ne, kuma 'yan sanda sun daɗe suna bugun waya kafin su sami wanda zai yi wa jama'a gargaɗi. Duk da haka, a 2017 hukumar sadarwa ta ƙasar ta soke ƙa'idar da ta tilasta wa kowace tasha ajiye ɗakin shirye-shirye a yankin da take yi wa aiki. Wasu kamfanonin motoci masu lantarki, irin su Tesla, sun cire AM daga motocinsu, har a 2023 aka kai ƙuduri majalisar dokoki domin a hana haka.

Mu ma mun ga tamu jarrabawar. A Satumba 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma Kurfi da Dutsin-Ma suna cikinsu. Watanni aka yi babu kira, babu saƙo, babu Facebook. Duk wanda yake nan a lokacin ya san inda jama'a suka koma: aka kakkaɓe tsofaffin akwatuna, aka sayi batir. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, da aka kunna akwatin, nawa ne daga abin da aka ji ya shafi hanyar da mutum zai bi gobe, ko kasuwar da za ta ci, ko asibitin da ke da magani? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tashar da ba ta da wakili a ƙauye ba za ta san inda yoyon yake ba.

Idan muna neman abin koyi, ba sai mun ƙetare teku ba. A Jamhuriyar Nijar an kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo tun 1962. Mutanen ƙauye sukan taru su saurari shiri, su yi muhawara, a ɗauki ra'ayinsu a rikoda a aika Yamai a watsa. A 1999 aka buɗe rediyon al'umma na farko a Bankilare, mai aiki da hasken rana, kuma daga baya irinsa suka haura 100 a ƙasar. A Nijeriya kuwa sai a 2015 aka amince da lasisin rediyon al'umma guda 17 na farko. Wannan tazara abin tunani ce a gare mu.

To, mene ne abin yi? Muna da shawarwari biyar.

Da farko, mu nemi wakilanmu a Majalisar Dokokin Jiha su ɗauki tashar matsakaicin zango kamar yadda ake ɗaukar rijiyar burtsatse ko motar asibiti, watau abin da ba a auna shi da ribar kuɗi. Na'urorin zamani ba su shan wuta kamar na dā, kuma ana iya tallafa musu da hasken rana.

Na biyu, a keɓe awoyi a kowane mako waɗanda ba na sayarwa ba ne, domin noma da kiwo da lafiya, cikin Hausa da Fulatanci. Muna da madatsar ruwa ta Zobe a nan kusa. Masu noman rani da masunta na wurin sun isa su cika shiri kowane mako. Shirin Don Makiyaya a Ruga, wanda hukumar ilmin makiyaya ta gabatar a Rediyon Kaduna, ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne.

Na uku ya rataya a wuyan ɗalibai. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita. Wayar da ta raba mu da akwatin rediyo rikoda ce mai kyau. Kowane ɗayanmu zai iya ɗauko hira da tsohon da ya san tarihin garinsu, ko matar da ta san sarrafa gyaɗa, bayan ya nemi izininsu, ya miƙa wa gidan rediyo. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da tashoshinsu; abin da ya samu a can zai samu a nan.

Na huɗu na matasan ma'aikata ne. Malamin gona, da malamin asibiti, da malamin dabbobi, kada ku jira sai an gayyace ku. Ku rubuta sanarwa cikin Hausa mai sauƙi, ku bi ta hannun shugabanninku, ku kai. Ku kuma da ke aiki a gidajen rediyo, ku ceci tsofaffin fayafayai kafin zafi da ƙura su cinye su, gama akwai muryoyi a cikinsu da ba za a sake samu ba har abada.

Na biyar, ƙungiyoyin ci gaban ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma su haɗa kai su nemi lasisin rediyon al'umma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai tilas mu yi gargaɗi a nan. Rediyo wuƙa ce, tana yanka nama, tana kuma yanka mai ita. A Ruwanda, a 1994, da gidan rediyo aka ingiza maƙwabci ya kashe maƙwabcinsa. A yankin da zukata suka yi zafi tsakanin manomi da makiyayi, tashar da za mu kafa lalle ta zama wadda kowa zai ji muryarsa a ciki, kuma kada a bari ta zama mallakar jam'iyya ko ta mai kuɗi ɗaya.

'Yan'uwa, akasarinmu da kuɗin gero da gyaɗa da awaki aka biya mana makaranta. Waɗanda suka biya suna nan zaune, akwatin rediyo rataye a kafaɗa, suna murɗawa suna neman wanda zai yi musu magana a kan abin da ya dame su. Muna roƙon kwamitin ƙungiya ya sa wannan batu cikin ayyukansa na bana, ya kuma kawo rahoto a taro mai zuwa.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka.