Marubuciya Ma Tana Buƙatar Barci



Yau zancenmu a kan marubuta ne masu cin gashin kansu. Ba su da albashi, ba su da ranar hutu. In sun rubuta su samu, in sun kwanta ciwo shi ke nan. Akwai mai rubuta labarin fim, akwai mai fassara. Amma hankalina ya fi karkata ga 'yan'uwanmu mata masu sayar da littafi shafi-shafi a WhatsApp.

A da, marubuciya a Kano takan kammala littafi, ta kai maɗaba'a, ya shiga kasuwa, ta numfasa. Yanzu fa? Masu karatu sun biya kuɗi, sun shiga zauren WhatsApp, kullum suna jiran sabon shafi. Ta yi jinkirin kwana guda, sai saƙonni su yi ta shigowa. Ga girki, ga yara, ga hidimar gida. Sai dare ya raba ta ɗauki waya, tana dannawa har kiran assalatu. Ido ya yi ja, wuya ya ƙage, labarin ma ya fara maimaita kansa. Wallahi abin yana damuna.

'Yar'uwa marubuciya, ki tara shafuka kafin ki buɗe zaure. Ki faɗa wa masu karatu tun farko: kwana uku a mako, ranar Juma'a babu rubutu. Ki faɗa, kuma ki tsaya a kai.

Ku kuma masu karatu, kuɗin littafi kuka biya, ba ku sayi barcinta ba. In shafi bai zo yau ba, ku tambayi lafiyarta tukuna.

Mu kwana nan. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.