Jawabi a kan lafiya: idan yaro yana amai, kada a hana shi sha



Maganar yau a kan amai ce da tashin zuciya a wurin yara. Babu gidan da ba a san wannan abu ba. Amai yana nuna cewa wani ciwo ya shiga jikin yaro. Wani lokaci ciwon ƙarami ne, ya wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Wani lokaci kuwa babba ne.

Abin da ke kawo amai

Mafi yawa, ƙazanta ce ta shiga ciki: ruwan tabki, abincin da ya kwana a buɗe, ƙuda, ko hannun da ba a wanke ba. Irin wannan amai yakan zo tare da zawo. Da damina, masassarar cizon sauro tana sa yara amai ƙwarai. Da rani, lokacin hazo da ƙura, akwai sanƙarau. Tari mai tsanani da ciwon kunne su ma suna kawo shi.

Tumbuɗin jariri dabam yake. In jariri ya dawo da nono kaɗan bayan ya sha, alhali yana wasa, yana ƙara nauyi, ba komi. Uwa ta ɗora shi a kafaɗa har ya yi gyatsa.

Inda hatsarin yake

Jikin yaro kamar shuka yake. In ruwa ya ƙare, sai ya yi yaushi. Kowane amai yana fitar da ruwa da gishiri daga jiki. Yaro ƙarami ba shi da ruwa da yawa a ajiye, don haka kwana ɗaya na amai da zawo yana iya kashe shi.

Uwaye da yawa sukan ce: tun da yana amai, a bar cikinsa ya huta. Wannan kuskure ne. Yaron da aka hana sha shi ne yake bushewa.

Ga alamun bushewa: ƙishirwa mai yawa, idanu sun faɗa, baki ya bushe, kuka babu hawaye, fitsari ya ragu. In aka tsunkuli fatar cikinsa aka saki, ba ta komawa da sauri. Ga jariri, maɗiga takan faɗa. Shafa magani a ka ba ya tayar da ita. Ruwa ne ya ƙare a jiki, sha ne maganinta.

Abin da uwa za ta yi a gida

1. Ta kwantar da yaron a gefe ɗaya, don kada amai ya shaƙe shi.

2. Ta ci gaba da ba shi nono, kaɗan kaɗan, sau da yawa.

3. Ta haɗa ruwan gishiri da sukari. Mafi kyau shi ne na ƙunshi, wanda ake kira SRO, ana samun shi a likita. A zuba ƙunshi ɗaya cikin litar 1 ta ruwa mai tsabta. In babu ƙunshin, a tafasa ruwa litar 1, a bar shi ya huce, a sa sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokalin shayi. A ɗanɗana. Kada gishirinsa ya fi na hawaye.

4. Ta ba shi cokali ɗaya kowane minti 1 ko 2. In ya yi amai, ta dakata minti 10, sannan ta sake farawa a hankali. Ko yana amai, wani abu yana zama a ciki. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

5. In da zawo, yaro ɗan ƙasa da shekara 2 ya sha rubu'i zuwa rabin babban kofi bayan kowane zawo. Wanda ya fi haka ya sha rabi zuwa kofi guda. A karɓo ƙwayar zinki a likita, ya sha kwana 10 zuwa 14.

6. Ruwan da ya yi awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

7. Da amai ya lafa, yaron da ya wuce wata 6 a ba shi kunu ko abinci mai laushi.

Abin da ba a yi

Kada a sayi ƙwayar tsayar da amai wurin masu talla a kasuwa. Kada a kai yaro wurin wanzami a cire masa beli saboda amai, yana iya zubar da jini ko ya ɗauki wata cuta. Kada a yi masa ɗure. In yaro ya sha kananzir ko maganin ƙwari, kada a sa shi amai, a ruga da shi likita tare da kwalbar.

Yaushe ake tafiya likita nan take

- Yana amayar da duk abin da ya sha.
- Ya kasa kama nono, ko ya kasa sha.
- Ya galabaita, ba ya farkawa sosai.
- Yana jijjiga.
- Amai kore ne, ko da jini a ciki.
- Ciki ya kumbura, yana kuka ba ƙaƙƙautawa.
- Jiki da zafi, ko wuya ya sanƙare, ko maɗiga ta kumbura.
- Ya faɗi ya bugi kai kafin aman.
- Jariri ne da bai kai wata 2 ba.

Ko dare ne, kada a jira safiya. Maigida ya ɗaura amalanke ko ya nemi babur. Uwa ta riƙe ruwan gishiri da sukari tana ba yaron a hanya, in yana iya haɗiyewa. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a likitocin gwamnati.

In manya da yara suka kama amai da zawo kamar ruwan shinkafa lokaci ɗaya, mai gari ya sanar da likita ranar nan. Kwalara ce ake tsoro. A 2018 ta kama mutane da yawa a Madarunfa, cikin jihar Maraɗi.

Rigakafi

A wanke hannu da sabulu bayan bayan gida da kafin a taɓa abinci. A rufe tulu, a rufe ƙwarya. Jariri ya sha nono zalla har wata 6. A kai shi rigakafi a kan lokaci. Tun 2014 aka ƙara wanda ake ɗigawa a baki don wata ƙwayar cuta mai sa jarirai amai da zawo. Yara su kwana cikin gidan sauro, su sha maganin rigakafin masassara da ake rabawa da damina. In yaro ya amayar da magani kafin minti 30, a gaya wa mai rabon ko malamin likita.

Duk wanda ya iya karatu ya karanta wa matan gidansa wannan jawabi. A ajiye ƙunshin SRO a ɗaka tun kafin ciwo ya zo.

Allah ya raya yara, ya ba su lafiya.