Ba Kowane Jinin Bayan Gida Ne Basir Ba

Shugaban taro, iyayenmu hakimai, malamai, da 'yan'uwa 'yan asalin Alelu mazauna birane.

Masu hikima sun ce lafiya uwar jiki. A ƙasarmu ta Jega, Aliero da Maiyama, da zarar mutum ya ga jini a bayan gida sai mu ce basir ne ko atuni, mu nufi mai magani a kasuwa. Alhali akwai wata cuta ta kumburin hanji wadda ke ɗaukar shekaru, ta lafa ta taso, da gudawa da jini da rama.

Maɗoran Aliero suna gane karaya da hannu, amma hanji sai an gani da ido. Saboda haka likita kan ba da maganin wanke ciki, sannan ya zura siririn bututu mai fitila da kyamara ta dubura, ya duba babban hanji. Idan kumburin ya faro daga ƙarshen hanji ya yi sama ba yankewa, wurin ya yi jawur yana tsattsafo da jini, alama ce ta nau'in farko, wato gyambon babban hanji. Idan kuwa ya tarar da miki mai zurfi nan da can, da lafiyayyen wuri a tsakani, ya fi kama da cutar Crohn, wadda aka bayyana a Amurka a 1932.

To, amma gani kaɗai bai isa ba. Atuni kan yi kama da na farko, tarin fuka na hanji kuma da na biyu. Shi ya sa ake tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji, domin maganin da ke kwantar da kumburi yana iya tsananta waɗancan biyun. Wanda kumburin ya daɗe a hanjinsa kamar shekara 8 ana so a riƙa sake dubawa, don gudun ciwon daji.

Mu da muke birane, nauyi yana kanmu. Ɗan'uwan da ya yi makonni yana fama, mu kai shi wurin ƙwararru, ko a asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Malam Aminu Kano, mu kuma tallafa da kuɗin mota da na gwaji. Kunya ba ta maganin ciwo.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya ɗaukaka garinmu. Wassalamu alaikum.