Sabon Littafi, Sabon Gwarzo: Jawabi a Kan Wasan Dungeons & Dragons



An ce in yi magana a kan abin da na sani, sai na zaɓi wasa. Malaman da suka sha ƙwace mana lido a ɗakin kwana su yi mini afuwa.

Wasan shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974. Mutum huɗu ko biyar ke zama a tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda: wani mayaƙi, wani matsafi, wani ɓarawo. Mutum ɗaya ke jan labari kamar mai tatsuniya, a riƙa jefa ƙwaya mai fuska 20 don a ga ko niyyarka ta yiwu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Lido sau ɗaya ake saya. Shi kuwa kamfanin TSR a lokacin littattafan dokoki yake sayarwa, kuma wa zai sayi sabo idan jaruminsa bai fi na da ba? Littafin Unearthed Arcana na 1985 ya kawo barde wanda ya shafe mayaƙin asali, daga nan kowane littafi ya riƙa ɗora nasa.

Na ga wannan da idona ina karatu a Ingila. Abokinmu ya zo da sabon littafi, jaruminsa ya riƙa kashe dodanni mu muna kallo. Mai jan labari ya ƙara wa dodannin ƙarfi, sai mu aka fara kashewa. Kafin wata biyu wanda ya koya mini wasan ya daina zuwa, kuma har yau abin yana damuna.

Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya nemi gyara a bugu na huɗu a 2008. An daidaita kowa, har wasu suka ce mayaƙi da matsafi sun zama Ɗanjuma da Ɗanjummai, suka koma wasan Pathfinder a 2009. A ganina suna da hujja. Bugu na biyar, a 2014, ya taƙaita makin da jarumi ke ƙarawa a kan ƙwaya, don ƙananan dodanni su ci gaba da ba shi tsoro. Amma da littafin Tasha's Cauldron of Everything ya fito a 2020, sai ƙorafin ya dawo.

Na zo da ƙwayar, mai son gani ya same ni bayan cin abinci.