CEFANEN SALLA DA ƊAWAINIYAR GARI

Yau maganarmu a kan cefanen salla take. Za mu ɗauki misali da Bobiel, unguwa ce ta gunduma ta ɗaya a birnin Yamai. Amma abin da za mu faɗi ya shafi kowace unguwa, ko a Maraɗi kake, ko Damagaram, ko Tawa.

Kai mai karatu, ka san yadda gida yake in salla ta gabato. Da ƙaramar salla ana neman yadi da takalma na yara, da shinkafa, da mai, da kaji ko zabi, da hatsin zakkar fid da kai. Da babbar salla kuma ga ragon layya, ga itace, ga gishiri da yaji. Ƴan'uwanmu Kirista su ma haka suke yi lokacin Kirsimeti. A cikin ƴan kwanakin nan magidanci yakan kashe abin da ya daɗe yana tarawa. To, tambayarmu ita ce: in kuɗin nan sun fita aljihunka, ina suke zuwa?

KUƊIN DA KE ZAGAYAWA

Bari mu bi jika goma da ƙafa. Ka kai wa telan unguwarku ɗinkin yara, ka biya shi. Tela ya ba yaran shagonsa nasu rabo. Ya biya mai gidan da yake haya. Ya sayi abinci wurin matar da ke tuwo a bakin hanya. Ita kuma ta je wurin mai niƙa, ta sayi albasa da tattasai wurin mai tebur, ta zuba adashinta. Mai tebur ya biya ɗan kabu-kabun da ya ɗauko masa kaya daga Katako. Ka gani, kuɗin nan sun shiga hannu shida ko bakwai, ba su bar unguwa ba. Wataƙila ma su dawo maka, in kai makaniki ne, ko magini, ko mai sayar da ruwa.

In kuwa riga ɗinkakkiya ka saya wadda aka yi a wata ƙasa mai nisa, ɗan kasuwa zai ci ƴar ribarsa, sauran kuɗin su bi hanyar da rigar ta biyo. Ba mu ce haramun ne ba. Akwai abubuwa da yawa da ba mu yi a nan, dole sai an shigo da su. Amma abin da hannun maƙwabcinka ya iya yi, me zai sa ka tsallake shi?

Ƙasarmu ba ta rasa abin kai wa kasuwa ba. Ga albasar Galmi wadda sunanta ya kai har bakin teku. Ga tattasan Difa. Ga shinkafar da ake nomawa a fadamun kogin Kwara, daga Tilaberi har Gaya. Ga dankalin turawa na Bankuku da na duwatsun Abzin, da lemun Timiya. Ga kilishi, ga cuku, ga zogalen lambunan Yamai. Ga takalma da jakunkunan dukawanmu. Ga raguna, balami da uda, waɗanda makiyayanmu suka yi wata da watanni suna kiwo.

Shekarar 2023 ta koya mana darasi. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin. Kayan da ke zuwa daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano suka tsaya, shinkafar waje da mai suka yi tsada. Ba a ɗage takunkumin ba sai watan Fabrairu na 2024. A waɗannan watanni kowa ya ga amfanin manomi da mai lambu na gida. Mutumin da ka riƙa sayen kayansa lokacin yalwa, shi za ka tarar a wurinsa ranar tsanani.

TIKITIN KASUWA

Yanzu mu zo ga rabon gari. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum fiye da miliyan ɗaya a Yamai, kuma tun daga lokacin birni sai ƙara faɗi yake. An raba shi gunduma biyar. Unguwanni irin su Bobiel suna cika da sababbin gidaje, kowane gida kuwa da shararsa, da ruwan wankinsa, da yaransa masu zuwa makaranta.

Wa ke kwashe juji? Wa ke yashe magudanan ruwa kafin damina? Wa ke gyara fitilun hanya, da rumfunan kasuwa, da maƙabarta? Wa ke rubuta takardar haihuwa da ta aure? Wannan duk ɗawainiyar ma'aikatar magajin gari ce. Mota ba ta tafiya sai da mai, ma'aikaci ba ya aiki sai da albashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kuɗin gari ta hanyoyi da dama suke shigowa. Akwai tikitin da mai kasa kaya yake biya a kasuwa. Akwai hayar rumfa da shago. Akwai abin da ake biya kan dabba a kasuwar dabbobi, kamar ta Turaku, da wanda mahauta ke biya a mayanka. Akwai na tashar mota. Akwai kuma lampon sana'a, wanda mutane suka saba kira patanti: ma'aikatar haraji ta ƙasa ke karɓarsa, ana mayar wa gari wani kaso.

Ga lissafi, misali ne kawai don mu gwada ƙidaya. A ce kasuwa tana da masu kasa kaya 400, kowa ya biya dala goma a yini. Dala 4.000 ke nan, wato jika 20. A kwana 30 sun zama jika 600. In salla ta zo, masu kaya suka ninka, abin da ke shiga asusun gari shi ma ya ninka. In kuwa ciniki ya mutu, mutane suka naɗe tabarminsu suka tafi, asusu ya bushe. Ashe mai saye ma yana cikin masu biyan kwasar shara, ko da bai taɓa riƙe tikiti ba.

Kasuwa dukiya ce ta gari duka. Tsofaffin Yamai suna tune da gobarar da ta cinye Babbar Kasuwa a 1982, ba a buɗe sabuwa ba sai 1987. Ƙaramar Kasuwa ita ma ta ƙone a 2012. Duk sa'ad da haka ta faru, ƴan kasuwa sun yi hasara, masu dako sun rasa aiki, gari kuma ya rasa kuɗin shiga.

INDA KARATU YAKE DA RANA

A nan ne muke so ka buɗe kunne, kai ɗalibin yaƙi da jahilci, musamman in kana kasa kaya. Mu da dala muke ƙidaya, takarda kuwa da tamma ɗai-ɗai ake rubuta ta, wato faran. Dala ɗaya faran 5 ce. Saboda haka in ka ga lamba a kan tikiti, sai ka raba ta gida biyar:

50 a takarda, dala goma ce.
100 a takarda, dala ashirin ce.
500 a takarda, dala ɗari ce.
1.000 a takarda, jika ɗaya ce.

Wanda ya san wannan ba a karɓar masa dala ashirin a ba shi takardar dala goma. Ka duba abu uku a jikin tikiti: yawan kuɗi, da lambar tikitin, da sunan hukumar da ta buga shi. Ka adana shi har kasuwa ta tashi.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu bari. Wani mai kaya yakan ce wa mai karɓar kuɗi: "Karɓi rabi, riƙe takardarka." Yana ganin ya yi wayo. Alhali rabin da ya bayar aljihun mutum ɗaya ya shiga, ko tamma ba ta isa asusun gari ba. Ran da ruwan sama ya cika magudana ya shigo masa shago, wa zai kai ƙara? Mutanen Yamai ba su manta da ambaliyar 2020 da ta 2024 ba. Ruwan da Allah ya saukar ba mai hana shi, amma magudanar da leda ta toshe aikin mutum ne.

HAKKI A KAN KOWA

Wani zai ce: "Malam, kayan unguwa sun fi tsada, ni kuwa talaka ne." Maganarka tana kan hanya. Amma ka haɗa da kuɗin taksi zuwa da dawowa, da yinin da za ka ɓata cikin cunkoso. Ka tuna kuma wa ke ba ka bashin sukari da sabulu in wata ya yi nisa. Mai kantin unguwa ne, wanda ya san ƙofar gidanka, ya zo sunan ɗanka, ya bi gawar mahaifinka. In bambancin kuɗin kaɗan ne, maƙwabci ya fi cancanta. In kuwa mai yawa ne, je ka inda ya fi maka sauƙi, ba wanda zai zarge ka.

Ku kuma ƴan kasuwa, ku ji tsoron Allah. Kada ku ɓoye kaya don salla ta matso. Kada ku tauye tiya, kada ku sayar da abin da kwanansa ya wuce. Kai tela, kada ka karɓi ɗinkin da ka san ba za ka gama ba, ka bar yaro yana kuka ranar idi. Wanda aka cuta sau ɗaya, baɗi wani wuri zai nufa.

Hukuma ma da nata. Tun watan Afrilu na 2024, da aka rushe majalisun garuruwa, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe ragamar birane. Ko wa ke kan kujera, kuɗin jama'a ne, kuma wanda ya biya yana da ikon ya tambaya. Ku bi ta hannun mai unguwa, ku ce: an karɓi tikiti a kasuwarmu, yaushe motar shara za ta zo? Mai takarda a hannu bakinsa ya fi ƙarfi.

Kada mu manta da bayan salla. A Yamai ranar layya akan gicciya itace, a shimfiɗa raguna a kewaye wuta a ƙofar gida, washegari a rarraba nama ga dangi da maƙwabta da mabukata. Al'ada ce mai kyau. Amma toka da ƙazantar ciki kada a zuba su cikin magudana. A haƙa rami a binne. Fata kuma a fiɗe ta da kyau, a sa mata gishiri, don majemi da baduku su sami abin aiki. Samarin fada, ku ɗauki tsintsiya da shebur ku share layinku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Cikin kayan da ka saya a sallar da ta wuce, waɗanne aka yi a Nijar?
2. In an rubuta 250 a tikiti, dala nawa ke nan?
3. Masu kaya 60 sun biya dala goma-goma. Jika nawa suka tara?
4. Wane aiki ne unguwarku ta fi bukata daga ma'aikatar magajin gari, kuma wa za ku aika ya faɗa?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malaminku ya duba. Wanda bai iya rubutu sosai ba tukuna, na kusa da shi ya taimake shi. Allah ya kai mu salla lafiya, ya sa albarka cikin abin da muka nema. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.