Injiniyancin Hidimar Gini: Jawabi ga Mai Nufin Haɗa Aiki da Karatu



An nemi in yi magana a kan wani fanni na injiniyanci wanda sunansa bai cika yawo a bakin mutane ba, ko da yake babu ɗayanmu a wannan zaure da bai ci moriyarsa ba tun da ya shigo. Fitilun nan da ke bisa kawunanmu, da fankokin da ke juyawa, da famfon da waɗansu suka yi alwala a gindinsa, da bututun da ya kwashe ruwan ya kai shi inda ba mu gani, duka akwai wanda ya kamata ya auna su tun ba a haƙa harsashi ba. Turawan Ingila sun ba aikin nan suna wanda za mu iya fassarawa da injiniyancin hidimar gini. Mai zanen gini shi ke fid da siffa, injiniyan ginshiƙai shi ke lamunin cewa ginin ba zai rushe ba, shi kuwa wannan na uku shi ke sa masa jijiyoyi da numfashi, watau iska, da sanyi ko ɗumi, da haske, da lantarki, da ruwan sha, da magudana, da na'urar hawa bene, da abin da zai faɗakar da jama'a ya kuma fid da hayaƙi in gobara ta tashi.

Tun da da yawa daga cikinku ma'aikata ne masu karɓar albashi, waɗansu ma da iyali, zan fi ba da ƙarfi ga yadda ake koyon fannin ba tare da an ajiye aiki ba. Misalin da zan ɗauka shi ne na Ingila, domin a can ne aka fi daɗewa ana koyar da shi da wannan suna, a can kuma tsarin sakin ma'aikaci rana ɗaya a mako ya tafi makaranta ya kafu sosai.

A shekarar 1897 masu aikin ɗumama ɗaki da shigar da iska suka kafa ƙungiyarsu a Ingila, masu aikin haske kuma suka kafa tasu a 1909. Daga haɗuwar biyun nan aka sami ƙungiyar da ake kira CIBSE a yau, wadda ta karɓi takardar izni ta sarauta a 1976. Ta wajen makaranta kuwa, a 1947 aka buɗe wata kwaleji ta ƙasa a kudancin birnin Landan domin koyar da ɗumama ɗaki, da iska, da sanyaya kaya, da aikin fanka. Kwalejin nan ta shige cikin babbar makarantar fasaha ta South Bank a 1970, ita kuwa ta zama jami'a a 1992. Abin lura a tarihin nan shi ne, fannin ya taso ne daga hannun masu haɗa bututu da masu jan waya, daga baya jami'a ta karɓe shi. Saboda haka ɗalibin da ya shigo aji da ƙurar wurin gini a takalminsa ba baƙo ba ne a can.

Wani zai ce, to, mene ne na digiri a kan famfo da fanka? Amsar tana birnin Filadelfiya na Amurka. A bazarar 1976 wata ƙungiyar tsofaffin sojoji ta yi taronta a wani babban otal na birnin. Da aka watse, sai mutane suka riƙa kwantawa da zazzaɓi da ciwon huhu. Sama da 200 suka kamu, 34 suka rasu. Sai a watan Janairu na 1977 Joseph McDade, wani mai bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ya gano ƙwayar cutar, aka kuma ɗora zargi a kan ruwan na'urar sanyaya otal ɗin. Ƙwayar nan tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi wanda ya kwanta, tsakanin digiri 20 zuwa 45 na ma'aunin Selsiyos, tana kuma shiga huhu in ruwan ya zama feshi. Shi ya sa ake koya wa injiniya ya ajiye ruwan zafi a digiri 60, kada kuma ya bar reshen bututu wanda ruwa ba ya gudana a cikinsa. Ku tuna da tankunan da ke shan rana a kan rufin asibitocinmu, sa'an nan ku sake yin tambayar.

Bari mu yi ɗan lissafi tare, don ku ɗanɗana irin aikin. A ce zaure ne mai ɗaukar mutum 200. Jikin mutum, ko yana zaune shiru, yana fid da zafi kimanin wat 100, watau jama'ar kaɗai murhu ce mai kilowat 20. Littattafan Ingila suna so a ba kowane mutum a ofis iska sabuwa kimanin lita 10 a kowace daƙiƙa, don kada numfashin da aka fitar ya taru ya sa kasala da ciwon kai. Mutum 200 ke nan lita 2,000. In a Kano ne cikin watan Afrilu, iskar waje tana iya kai digiri 40, kai kuwa kana son ɗakin a 24. Sauko da wannan iska kaɗai zai ci abin da ya kusa kilowat 40, ninki biyu na zafin jikin mutanen. Har yanzu ba mu sa zafin da ke ratsa kwanon rufi ba, ba mu sa na taga mai fuskantar yamma ba, ba mu sa na fitilu ba. Da an gama wannan sai lissafin ya koma wajen lantarki: kaurin wayar da za ta ɗauki nauyin, girman janareta, da abin da zai faru a daƙiƙar da injin sanyi ya tashi ya zuƙi wuta fiye da ƙa'idarsa. Wanda bai san wannan ba yakan yi ɗayan biyu. Ko ya sayo ƙaramin inji jama'a su yi ta gumi, ko kuwa, wanda ya fi yawa a gine-ginen gwamnati, ya sayo babba ƙwarai don gudun kunya, baitulmali ya yi shekara ashirin yana biyan kuɗin man da ba a bukata.

To, yaya mai aiki ke samun wannan ilmi? Digirin farko a Ingila shekara uku ne ga wanda ya zauna makaranta ɗungum, kuma ana ƙiyasta masa awa 1,200 na karatu a kowace shekara, jimla awa 3,600. Mai haɗa aiki da karatu ba a rage masa komai daga ciki. Shimfiɗa masa ake yi a kan shekara huɗu ko biyar. In biyar ce, awa 720 ke nan a shekara. Ranar da aka sake shi daga ofis, in ya yi awa takwas a aji har mako talatin, ta ba shi awa 240 kurum. Sauran 480 ɗin daga barcinsa za su fito, da Asabar ɗinsa, da lokacin hira da iyali, kimanin awa 16 a kowane mako na zangon karatu. Na faɗi wannan a fili domin takardun neman ɗalibai sukan ambaci rana ɗayar nan da babban baƙi, su yi shiru a kan dararen. Wanda zai shiga ya zauna da maigidansa a wurin aiki, ya kuma zauna da mai ɗakinsa ko mijinta, su san abin da za a rasa, tun kafin a biya kuɗin rajista.

Ta wajen kuɗi, al'amarin ya sauya a Ingila. Daga 2015 aka fara tsarin da ɗan koyo yake samun digiri yana kuma karɓar albashi, a 2017 kuma aka ɗora wa manyan masu ɗaukar ma'aikata, waɗanda albashin da suke biya ya wuce fam miliyan uku a shekara, harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari domin a riƙa biyan irin wannan horo. Mu ma muna da abin da ya yi kama da shi ta wani gefe, Asusun Horar da Ma'aikata na ITF wanda aka kafa a 1971, sai dai abin da ɗalibanmu suka fi saninsa da shi shi ne 'yan watannin nan na sanin makamar aiki. Inda kamfani ko ma'aikata ta biya wa mutum kai tsaye, sau da yawa akwai yarjejeniyar cewa zai yi mata aiki na wasu shekaru bayan ya gama, in ya fita da wuri ya mayar da kuɗi. Babu laifi a ciki, amma a karanta ta da idon basira kafin a sa hannu, musamman sakin da ya yi maganar abin da zai biyo baya in ɗalibi ya faɗi jarrabawa.

Ra'ayina, wanda ba kowane malami zai yarda da shi ba, shi ne a wannan fanni musamman mai haɗa aiki da karatu ya fi fita da ƙwari. Ran Talata a koya masa yadda matsin ruwa ke raguwa a cikin bututu saboda gogayya, ran Laraba ya tsaya gaban famfon bene na huɗu wanda ke ɗiga kamar hawaye, ya tuna cewa kowane mita 10 na hawa yana cinye kusan ba ɗaya na matsi, ya ga dalilin da idonsa. Ya san cewa abin da aka zana layi ɗaya siriri a takarda bututu ne mai kauri wanda sai ya ratsa ƙarƙashin katakon siminti, kuma injiniyan ginshiƙai ba zai yarda a huda masa shi ba. Ya san birkila da mai walda da halinsu. Ɗalibin da ya zauna aji shekara uku yakan kwashe wasu shekaru biyu bayan ya fito kafin ya koyi waɗannan.

Amma fa akwai inda gwanin aiki ke tuntuɓe, shi ne lissafi. Mutum ya yi shekara takwas yana haɗa injin sanyi, hannunsa ya san aikin fiye da malaminsa, sai a kawo masa ilmin zafi da motsi, da na gudanar ruwa da iska, da lissafin canji wanda ya rabu da shi tun sakandare, ya ga kamar an canza masa harshe. Ga kuma girman kai na wanda ake kira maigida a wurin aiki, ba ya son ya ɗaga hannu a gaban yara ya ce bai gane ba. Maganin abin mai sauƙin faɗi ne: wata shida kafin a fara, a ɗauko littafin lissafi a riƙa yin awa ɗaya kowane dare. Daɗin daɗawa, a bincika ko hukumar injiniyoyi ta amince da kwas ɗin. A Ingila digirin farko da aka amince da shi yana kai mutum ga matakin rajista na tsakiya, amma mai neman babban matakin sai ya ƙara da karatu na matsayin digiri na biyu. A Nijeriya kuwa hukumar COREN, wadda doka ta 55 ta 1970 ta kafa, ita ke rajistar injiniyoyi da masu fasaha da masu sana'ar hannu, kowa a ajinsa, kuma mafi yawan masu aikin hidimar gini a nan ta ƙofar injiniyancin inji ko na lantarki suka shigo. Takardar da hukuma ba ta sani ba, ko shekara biyar aka yi ana wahalarta, ba ta ba mutum ikon sa hannu a kan zane.

Saura magana ɗaya, ga wanda Allah ya nufa ya je can ko ya yi karatu da littattafansu. Littattafan nan an rubuta su ne a ƙasar da babban abokin gabanta sanyi ne, rabinsu maganar tukunyar ɗumama ruwa ce da yadda za a tsare zafi kada ya fita. Mu namu yaƙin da rana ne, da ƙurar hunturu mai toshe matatar iska, da wutar da ke ɗaukewa ba sallama. Ka'idojin ɗaya ne, amma lambobin sai an sake su. Ko a cikin ƙasar nan ma ba a yi wa Legas da Sakkwato ɗinki ɗaya, domin iskar Legas cike take da laima, injin sanyi yana kashe ƙarfi mai yawa wajen matse ruwa daga cikinta, alhali iskar arewa a lokacin rani busasshiya ce, har ana iya sanyaya ta da tururin ruwa kaɗai a kan kuɗi kaɗan. Wannan ita ce hikimar randa, ita ce kuma Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita a tukunyarsa mai tukunya a ciki da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Haka nan duk wanda ya shiga tsohon soron ƙasa da tsakar rana, ko a Gidan Makama na Kano ko a cikin birnin Zariya, ya san abin da katanga mai kauri da ƙaramar taga da dogon rufi suke yi: suna riƙe zafin rana ba ya isowa ciki sai dare ya yi. A jami'a za a ba ku sunan wannan da ma'auninsa, a nuna muku yadda ake lissafa awowin da katanga ke jinkirta zafi. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a kundin shekararsa ta ƙarshe, ga shi nan a ƙofar gida: ya sa ma'aunin zafi a soron ƙasa da ofis mai bulo da kwano a unguwa ɗaya, ya rubuta abin da suka nuna kowace awa daga Maris zuwa Mayu, sa'an nan ya lissafa kilowat nawa bambancin ya tsirar.

Shugaba, na ga lokacina ya cika, na kuma ga hannuwa sun fara tashi a can baya.