Jawabi ga Jama'ar Unguwar Rimi a kan Cutar Ƙanjamau

Ya ku jama'a, maza da mata, maganar da za mu yi yau tana da nauyi a baki, amma kunya ba ta taɓa warkar da ciwo ba. Watau maganar ƙanjamau ce, da mata masu zaman kansu, da mazan da ke zuwa wurinsu.

Tun cikin 1986 aka fara ba da labarin wannan cuta a Nijeriya. A ƙidayar da Gwamnati ta yi cikin 2018, an sami mutum 14 cikin kowane dubu, na masu shekara 15 zuwa 49, suna ɗauke da ƙwayarta. Amma a tsakanin matan da ke zaune a gidajen karuwai lissafin ya fi haka nesa ba kusa ba: kashi 37 cikin ɗari a 2007, kashi 27 a 2010, kashi 19 a 2014. Adadin yana da yawa ƙwarai, amma ku lura ya yi ta raguwa, kwaroron roba kuwa yana cikin abubuwan da suka jawo haka.

To, ina sauran ƙofar da cutar ta ke bi? Ƙofa biyu ce. Ta fari, masu bincike sun tarar yawancin matan nan suna tilasta wa baƙo ya sa kwaroro, amma in dadiro ya zo sai a ajiye shi, wai don an saba. Alhali kuwa ƙwayar ba ta san sabo ba, mutum ya kan yi shekaru da ita jikinsa sumul. Ta biyu, namijin da zai ƙara kuɗi domin a bar kwaroro. Macen da kuɗin haya ya matsa ta san in ta ƙi, ɗaki na gaba zai shiga.

Maganin wannan shi ne haɗa baki. A ƙasar Tailan, cikin 1991, hukuma ta sa kowane gida irin wannan ya riƙe sharaɗi guda: ba kwaroro, ba shiga. Da namiji ya rasa inda zai juya, sai cututtukan jima'i suka ragu ainun. Mu ma muna da magajiya, wadda mata ke jin maganarta. In magajiya da matan gida suka tsaya a kan magana ɗaya, ba wanda zai raba su da kuɗi.

Ga abin da za a kiyaye. A sa sabon kwaroro kowane karo, tun daga farko har ƙarshe. A duba kwanan watan ƙarewarsa. Kada a shafa masa basilin ko man gyaɗa, gama mai yana cinye roba. In ya fashe, a tafi asibiti kafin awa 72 ta cika, domin akwai maganin da a ke sha kwana 28 ya tare ƙwayar. Mai ciwon sanyi ko tunjere ya nemi magani da wuri, gama suna buɗe wa ƙanjamau hanya.

Ku kuma maza, ku tuna abin da mutum ya ɗauko a waje gida ya ke kai wa matarsa, har ya shafi jariri. Kame kai ya fi. Wanda bai kame ba, lalle ya yi rigakafi.

Daga ƙarshe, kowa ya je a gwada jininsa, ko a Asibitin Barau Dikko ko a asibitin da ya fi kusa. Wanda aka same shi da ƙwayar, in ya riƙe magani kullum har ta kwanta, zai rayu lafiya, ba kuma zai sa wa abokin kwanciyarsa ba. Dokar 2014 ta hana a wulakanta shi ko a kore shi daga aiki saboda ita.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.